Daga Igiya Huɗu Zuwa Uku

 Labarin yau nawa ne na kaina, kuma na daɗe ina jujjuya shi a raina kafin in yarda in ɗora alƙalami a takarda, don kuwa akwai wuraren da ni ce ban kyauta ba a cikinsa.

Ni 'yar Gangara ce ta ƙasar Jibiya, can bakin iyakarmu da Nijar. Maigidana ma ɗan can ne, katanga biyu ce tsakanin gidansu da namu. Sana'arsa tuƙin jirgin sama. Na san da jin haka wata za ta ce, "Kai, wannan ai ta gama dacewa, me kuma ya rage mata na kuka?" Haka nake sha a gidajen biki da suna, har akwai masu zaton kullum a Makka nake karin kumallo. To 'yar'uwa ki ɗan saurara.

In kin taɓa lura da kafaɗar matuƙin jirgi, za ki ga wasu igiyoyi masu ruwan zinari a kan farar rigarsa. Mai huɗu shi ne kyaftin, shi ke zama a kujerar hagu, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a cikin jirgin. In ya ce ba za a tashi ba, ko gwamna ne a ciki sai ya haƙura. In hazo ya rufe Kano ya ce a juya Abuja, juyawa za a yi. Mai igiya uku mataimaki ne, yana kujerar dama, ya iya tuƙin sarai, amma ƙarƙashin wani yake. Baban Ummi ya yi karatunsa a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya gama ya zauna shekara biyu cur ba aiki, yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Katsina. A 2008 ya samu shiga wani kamfani na cikin gida, masu jigilar Kano, Abuja da Legas. Kafin a ba mutum babban lasisin da zai iya zama kyaftin da shi, sai ya tara awa 1,500 a sama, ban da jarrabawa, ban da jiran kujera ta samu. Shi sai a 2016 igiyarsa ta huɗu ta zo. Ni na zura masa ita a kafaɗa da hannuna, da asuba, ina kuka ina dariya. Har na tsokane shi na ce to yanzu igiyarka ta aiki ta fi ta aurenmu yawa, Allah ya sa kada ta rinjaye ta.

A 2019 wani babban kamfani na ƙasashen Larabawa ya buɗe ƙofar ɗaukar matuƙa. A zauren matan matuƙa da muke da shi a waya ba a maganar komai sai Emirates da Qatar Airways da Ethiopian, wa ya tafi, wa zai tafi. Abokin Baban Ummi da suka yi Zariya tare, Baban Amira, ya nema ya samu, ya kwashe iyalinsa suka tafi. Shi ma nawa an kira shi, ya je ya ci jarrabawarsu, takarda ta zo. Albashi da kuɗin waje, ba haraji, gida kyauta, kuɗin makarantar yara a wuyansu. Sai kawai na ga mutumin nan ya ninke takarda ya sa a aljihun jaka, ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi ba.

Wallahi ban ɓoye muku ba, na tayar da hankalin gidan nan. Maman Amira tana turo mini hotuna, yau ga ta a bakin teku, gobe ga ta a kantin gwal, ni kuwa ina Kano ina faɗa da mai ruwa da janareta. Na yi fushi, na yi gaba, na daina zama in ya zo cin abinci. Har na faɗi wata magana da har yau nake jin kunyarta, na ce masa shi dai ba ya son ci gaba, ya fi son ya zama sarki a ƙauye.

Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Maman Ummi, ke da kike ɗiyar direba, ai ke ya kamata ki fi kowa ganewa. Tuna mini yadda ake lodi a tashar su Baba."

Nan jikina ya yi sanyi, don na tuna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Fijo ya ja shekara da shekaru tsakanin Jibiya da Maraɗi, ta Magama da Ɗan Isa. A tasha layi ake bi. Akwai allo, akwai sunaye, kuma wanda ya daɗe a hanyar ya san kowa, 'yan kamasho sun san shi, ma'aikatan iyaka na ɓangaren biyu sun san shi, ranar Lahadi ta kasuwar Jibiya ba ya rasa lodi mai kyau. Wata shekara ya ji ana cewa hanyar Katsina zuwa Kano ta fi kuɗi, ya koma can. Da furfurarsa da komai aka rubuta sunansa a ƙasan allo, bayan yaran da ya koya wa riƙe sitiyari. Wata biyar ya yi ya dawo, ya tarar wani ya gaje masa wuri, ya sake kama layi daga baya a tasharsa ta asali. Innarmu ba ta daina ba da labarin shekarar nan ba har ta koma ga Allah, don a shekarar aka sayar da tumakinta.

Baban Ummi ya ce to haka sama take. Kamfanin jirgi da ranar da ka shigo yake lissafi. In ka bar naka ka koma wani, shekarunka na baya suna nan a littafin awoyinka, amma a layi kai ne na ƙarshe. Takardar da suka ba shi ta mataimaki ce, igiya uku, kujerar dama. Jirginsu ma wani iri ne, shi Boeing 737 yake ja, su kuwa manya ne irin 777, kuma kowane irin jirgi sai an koma aji an yi masa karatu na musamman an ci jarrabawa. Su za su biya kuɗin karatun, amma sai ka sa hannu cewa za ka yi musu shekaru kaza, in ka fasa ka biya su. Hutu, na gaba da kai ke fara zaɓa. Ranar Sallah, sabon zuwa ke aiki. Ƙarin girma, sai layi ya zo kanka. Ya ce, "Ranar da kuma abu ya lalace aka ce a rage mutane, kina ganin daga ina za a fara yanka?"

Na ce ai babban kamfani ba ya lalacewa. Ya yi dariya ya ce ina Nigeria Airways? Shi ne uban kowa a ƙasar nan, jirgin gwamnati, da shi ake zuwa Landan da Jidda, duk matuƙin da ya shiga sai a ce ya gama samun duniya. A 2003 aka rufe shi, dattawan kyaftin suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka mutu ba su karɓa ba. Ni kuma da yake bakina bai mutu ba, na ce to ƙananan fa? Ina Okada, ina Chanchangi, ina Bellview? Ina jiragen Kabo, da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, waɗanda suka kai iyayenmu da yawa aikin Hajji? Ya ce gaskiyarki, babu mai tabbas a ciki, shi ya sa mutum ba ya sakin reshen da ya riƙe sai ya auna wanda zai kama. Bai tafi ba dai. Ni kuma na haƙura a baki, zuciyata tana can bakin teku.

Sai ga 2020. A watan Maris cutar korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama, duniya ta tsaya cak. Manyan kamfanonin nan suka jera jiragensu a ƙasa suka shiga sallamar matuƙa, kuma Baban Amira, da bai cika shekara da zuwa ba, yana cikin waɗanda abin ya fara shafa. Abin da ban sani ba sai lokacin, a ƙasashen nan takardar zamanka a jikin aikinka take. Aiki ya tafi, gida ya tafi, makarantar yara ta tafi, sai a ba ka wa'adi ka tattara. Gidansu na Kaduna sun riga sun sayar kafin su tafi. A ɗakin da Maman Amira ta yi 'yanmatancinta suka sauka, ita da 'ya'ya uku. Mu ma mun ji jiki, wata da watanni albashi rabi ne, wani watan ma babu, ga iyakar Jibiya a rufe tun Agustan 2019, 'yan'uwa a gida kowa hannunsa a miƙe. Amma da aka dawo da jigilar cikin gida a watan Yuli, kujerarsa ta hagu tana nan tana jiransa.

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in ƙarasa: da na je yi wa Maman Amira jaje, can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan sanyi da na ji, irin na wadda aka daɗe ana yi wa gori. Na yi istigfari a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce muku kwaɗayi mabuɗin wahala, in rufe littafi kowa ta tashi. To bai tsaya ba.

Cuta ta wuce, mutane suka koma tafiye-tafiye, kamfanonin da suka kori matuƙa suka dawo suna nemansu ido rufe. A 2022 aka sake kiran Baban Amira ya koma. A nan gida kuwa, a watan Yunin 2023 gwamnati ta saki Naira, dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Mu 'yan bakin iyaka ba sai an karanta mana a jarida ba. Ina yarinya mutanen Nijar ke rububin Naira a kasuwar Jibiya, sai ga shi na ga ranar da ɗan kasuwarmu ke murna in an biya shi da sefa. Shi kuma jirgi, in ban da fasinja, kusan komai nasa da dala ake saye. Kayan gyara dala, babban gyaran da ake kai shi waje dala, inshora dala, horon da matuƙa ke zuwa duk wata shida a na'urar kwaikwayon jirgi shi ma dala. Kamfanin su Baban Ummi ya fara ajiye jirage ɗaya bayan ɗaya, matuƙa suka fi kujeru yawa, albashi ya koma sai an yi ta jira. Igiya huɗu tana kafaɗa, amma kuɗin makarantar Ummi sai da na sayar da sarƙata.

A farkon 2024 takarda ta sake zuwa. Wannan karon shi ya kawo mini ita da kansa, ya ce, "Ina so in tafi." Ya ce shekarunsa 44, kuma dokar jiragen fasinja ta duniya ba ta barin matuƙi ya wuce 65, wato saura masa 21, in lafiya ta yarda, don kowace shekara sai likita ya duba ido da zuciya kafin a sabunta lasisi. Sun ce masa zai iya yin shekara huɗu ko biyar kafin ya koma kujerar hagu. In ya tafi yanzu, zai samu shekaru masu yawa yana kyaftin a can. In ya ƙara jinkiri, lissafin ba zai fita ba, kuma da wuya su kira shi karo na uku.

Sai ga ni, ni da na hana shi barci a 2019, ni ce na ce a'a.

Dalilan da na faɗa masa na gaskiya ne. Na ce Inna fa? Mahaifiyarsa tana Gangara, ta ƙi Kano, ta ƙi Katsina, ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta. Ga shi shekarun nan ƙauyukan Jibiya ba su da kwanciyar hankali saboda ɓarayin daji, mutane da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin gari, wasu sun tsallaka Nijar. Daga Kano, in an kira shi da safe, kafin la'asar yana gabanta. Na ce in ka faɗi jarrabawar sabon jirgin fa, ka saki nan, can ba su riƙe ka ba? Na ce in wata cutar ta sake ɓullowa fa, ba ka ga Maman Amira ba?

Amma akwai dalilin da ban faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Na saba a ce mini matar Kyaftin. Na ga kamar a ce uwargida ce, mai ɗakinta da tukunyarta da faɗa a ji, ta yi shekara da shekaru, sai ta kwashe kayanta ta shiga gidan attajiri a ta huɗu. Ci da sha kam sai wanda ta zaɓa, amma sai an gama da kowa a zo kanta, yarinyar da ta haifa a cikinta ma sai ta gaishe ta da uwargida. Na kasa haɗiye cewa mijina, da furfura ta fara fito masa, zai zauna a dama yana amsa umarnin yaro. Ashe ni ma sarautar ƙauyen nan da na yi masa gori a kanta, na fi shi sonta.

Muka tafi Gangara Babbar Sallah, a watan Yunin 2024, maganar tana tsakaninmu kamar ƙaya a tabarma. Daren yawon Sallah, bayan an gama suyar nama yara sun yi barci, ya zauna gaban Inna ya warware mata komai. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ko kallonsa sosai ba ta yi. Tana jan carbi har ya gama. Sai ta ce, "Can ɗin, in na mutu, kwana nawa kafin a iso?"

Ya ce, "Inna, kwana ɗaya ko biyu."

Ta ce, "To ai gawa ba ta jiran kwana. Amma ko Kano ɗin, in rai ya fita ana sama, wa zai tsai da jirgi? Wannan ba hujja ba ce, kada a rataya mani. Malam ma da ya rasu ana Ikko aka ji."

Ta yi shiru, sai ta juyo gare ni. "Ke ɗiyata, ni nawa ya ƙare. Shi tafiya zai yi, a ba shi abinci a faranti. Ke za a bar wa ɗiya da gida da ni. Mi kika ce?"

'Yan'uwa, ban taɓa jin nauyin magana irin na daren nan ba. Shekara biyar ina ta surutu a kan aikin mutumin nan, yau tafi, gobe kada ka tafi, ban taɓa zama na lissafa abin da ni zan ɗauka ba. A 2019 kantin gwal nake hange, a 2024 sunan matar Kyaftin nake karewa. Na ce, "Inna, a ba ni zuwa safe." Ta ce, "An ba ki har Muharram."

Ban yi barci ba. Da asuba na samu littafin rubutun Ummi na yage takarda, na tashe shi muka zauna a bakin rumbu. Na ce in za ka tafi, ga nawa sharuɗɗan. Gidan Kano ba za a sayar ba, ko me za a yi. Ni da yara ba za mu bi ka ba sai ka ci jarrabawar jirginsu ka cika shekara, kada a cire su daga makaranta a dawo da su tsakiyar zango. Albashin farko, kafin mota, kafin gwal, a fara tara abin da zai riƙe mu shekara guda in an wayi gari an ce ka tattara, don can ba fansho irin na gwamnati, kuɗin sallama ne a dunƙule. A kama wa ƙaninka ɗaki a Katsina, ranar da hanya ta ɓaci a ɗauko Inna ko tana so ko ba ta so, ni zan sha faɗan. Kuma ka rabu da kamfaninka lafiya, ka ba su wa'adin da ya kamata, ka bi manyanka ɗaya-ɗaya ka yi musu sallama, kada ka yi irin ta Baba da ya bar tasha ba ko sai an jima. Ya karanta ya ce, "Da kin kawo wannan takardar a 2019, da wataƙila na tafi tun lokacin." Na ce da ka tafi da an koro ka. Ya ce, "Da kuma yanzu na kusa komawa hagu, kamar Baban Amira." Muka yi shiru, don kowa a cikinmu ya san ɗan'uwansa bai yi ƙarya ba.

Ya tafi a watan Janairun 2025. Daren da zai tafi ya zare igiyoyin nan huɗu daga rigarsa ya miƙo mini, na naɗe su a hankici na sa cikin babbar kwallar da Innarmu ta yi mini jere da ita. Ya ci jarrabawar, alhamdu lillahi. Kuɗi kuma suna zuwa a ranarsu, na fanshi sarƙata, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban ji daɗi ba.

Sai dai in ya kira waya, ba kullum muryarsa ke da daɗi ba. A da, a yini ɗaya yakan tashi ya sauka sau huɗu, ya san hazon Kano, ya san ruwan Legas, ya san masu share jirgi da sunansu. Yanzu tafiya ɗaya awa goma ce ko fiye, yawanci cikin dare, kuma a wata bai fi ya sauke jirgi da hannunsa sau biyu ko uku ba. Ya ce wani lokaci ya farka a otal ya rasa wace ƙasa yake, sai ya duba waya ya ga lokacin salla. Akwai ranar da ya tashi da wani kyaftin da ya girma da shekara tara, yaron ya gyara masa wani abu da shi ya daɗe yana koya wa wasu. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Na ce na gode, Kyaftin." Na ajiye waya na shiga ɗaki, na daɗe ban fito ba.

Sallar 2025, ƙarama da babba, duk a sama ya yi su, don masu zaɓar hutu sun riga shi. Ni na kai yara Gangara, ƙaninsa ya yanka ragon. Mutanen gari har yanzu Kyaftin suke ce masa, ni kuma ban gyara wa kowa ba. Inna ce kaɗai, da na miƙa mata waya ya gaishe ta, ta tambaye shi mutum nawa suka shigo bayansa. Ya ce sun kai arba'in. Ta ce, "To madalla, layi na tafiya," ta miƙo mini wayar ta ci gaba da tsinke zogalenta.